Yadda Ake Tayar da Tsohon Firji Mai Kananzir a Ƙauye

Tun da zafin bana ya kama, tambaya ɗaya ce take ta maimaituwa a saƙonnin da ake aiko mini, yawanci daga ƙauyukan Jigawa da na gabashin Kano, inda turakun lantarki ba su kai ba, ko kuma sun kai amma wayar ta zama wurin hutawar tsuntsaye. Wani ya gaji firji mai kananzir a gidan mahaifinsa, wani ya gan shi jingine a wurin 'yan gwangwan, wani kuma an ba shi kyauta bayan ƙaramin asibitin garinsu ya koma amfani da mai aiki da hasken rana. Dukansu abin da suke son sani shi ne ko zai tashi, da kuma ta inda ake farawa. Na shekara da shekaru ina kula da irinsa a gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, kuma wani kawuna da ya yi aikin ajiyar alluran rigakafi shi ya koya mini yawancin abin da zan faɗa.

Sai an fahimci abu ɗaya kafin matakan su shiga kai. Wannan firji ba shi da inji, ba shi da fanka, babu wani abu da yake juyawa a cikinsa. A bayansa akwai bututun ƙarfe a rufe ruf, cikinsa ruwa ne da amoniya da iskar haidirojin. Wutar lagwani tana tafasa ruwan a ƙasa, amoniya ta rabu da shi ta tashi sama a matsayin tururi, ta huce a cikin jerin ƙarafan nan na sama masu kama da haƙoran matsefi, ta koma ruwa, ta gangaro cikin ɗakin ƙanƙara. A nan take sake zama iska, kuma wajen zama iskar ne take zuƙe zafin abin da aka ajiye, sannan ta sauka ta haɗu da ruwan da ta baro, a sake zagayowa. Zafi ne yake hawar da ita, nauyinta ne yake sauko da ita. Saboda haka rayuwar firjin nan ta rataya ne a kan abu uku: ya tsaya daidai, wutarsa ta ci da tsabta, iska ta ratsa bayansa. Yawancin waɗanda aka yanke wa hukuncin mutuwa ɗaya daga cikin ukun nan suka rasa.

Kayan aiki

A tanadi tocila, sukundireba, filaya, reza sabuwa, mazurari, tsumman auduga mai tsabta, doguwar waya mai kauri, tsohon burushin haƙori, 'yan guntayen katako masu faɗi, faranti, ashana, da bokiti cike da yashi. In an samu ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ciki da ma'aunin zafi na firji, aikin zai fi sauƙi.

1. Duba bayansa kafin ka dubi gabansa

Masu saye sukan tsaya kallon fenti da fitilar ƙofa, alhali dukiyar tana baya. Ka juya shi, ka haska tocila a kan bututun tun daga ƙasa har sama, musamman kusa da gwangwanin da ya lulluɓe tukunyar tafasa, wato daidai saman inda wuta take zama. Abu biyu kake nema. Na farko gari ne ko tabo mai launin ruwan ɗorawa. Wannan sinadari ne da ake zubawa a cikin bututun don hana tsatsa, kuma ba ya fitowa waje sai bututu ya huje. Na biyu wari ne irin na zarni mai hawa kai da sa hawaye. Ka buɗe ƙofar firjin bayan ta daɗe a rufe ka shinshina. Idan ka ga garin ko ka ji warin, ciniki ya ƙare, ko da kyauta aka ba ka.

Gargaɗi: kada ka taɓa garin nan da hannu, guba ne. Kada kuma ka yarda da maganar mai cewa zai like hujin da walda ya ɗura masa gas kamar na firjin lantarki. Abin da ke cikin bututun a matse yake fiye da iskar tayar babbar mota, haidirojin kuma tana kamawa da wuta. Ba aikin mai walda na bakin kasuwa ba ne, kuma kayan ɗurinsa ba irin na firjin lantarki ba ne.

Tsatsa ta saman fenti ba komai ba ce. Wadda ta ci ƙarfe har yana ɓarewa idan an sa farce, ita ce abin gudu. Daga nan ka nemi ɗan allon da aka rubuta sunan kamfani da lamba. Waɗanda suka fi yawa a wurarenmu Electrolux ne da Sibir. Harafin K a lambar yana nufin kananzir, G iskar gas, E kuma lantarki, saboda haka mai KE yana aiki da kananzir ko da lantarki. Ka tabbata tanki yana nan, kan fitila yana nan, kuma murɗaɗɗen ƙarfen da ke rataye da waya a cikin bututun hayaƙi bai ɓata ba. Mutane suna raina wannan ƙarfe, amma shi yake tsare zafi ya daɗe a jikin tukunyar maimakon ya fice sama a banza.

Robar bakin ƙofa kuwa, ka sa takardar kuɗi a tsakani ka rufe, ka ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, wurin yana shigar da iska. Ka gwada sama da ƙasa da gefe.

In mai shi ya yarda, a kunna shi a bar shi ya kwana kafin kuɗi su fita daga aljihunka. Gani ya kori ji. Bayan awa ɗaya ko biyu ka shafa bayansa a hankali: ya kamata ka ji ɗumi ya hau sama ya kuma bi bututun nan mai lanƙwashe-lanƙwashe na tsakiya. Idan wajen tukunya ya yi zafi ƙwarai amma sauran bututun suna nan da sanyinsu, akwai toshewa. Idan kuma kana jin ƙarar ɓulɓul mai ƙarfi jim kaɗan da kunnawa, alama ce ta iskar ciki ta zurare.

2. Lagwani, kwalba da lissafin kuɗi

Wannan mataki da gangan na sa shi kafin ɗauko firjin. Lagwani da kwalbar wutarsa ba irin na fitilar ƙwai ko risho ba ne, kuma samunsu ya fara wuya. Ka cire kan fitilar ka tafi da shi Kano, ka zaga wurin masu tsofaffin kaya a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, ka gwada a gabanka. Kan fitila iri biyu ne aka fi sani: Aladdin, mai zagayayyen lagwani da shuɗiyar wuta, da Kosmos, wanda wutarsa rawaya ce. Akwai lamba a jikin maɓallin murɗa lagwani, ita za ka nuna. In ka samu, ka sayi lagwani biyu ko uku da kwalba biyu, domin kwalba ba ta yin sallama ran da za ta fashe.

Sai lissafi. Kuɗin sayen firjin shi ne ƙarami a cikin abin da za ka kashe. Babba mai ƙofa biyu yakan sha abin da ya kusa lita guda a kwana ɗaya, ƙaramin kuma ƙasa da haka, kuma ba a kashe shi dare da rana. Ka tambayi kuɗin lita a garinku ka ninka sau 30. A ce lita tana naira 2,000, to ka ware abin da ya kai naira 60,000 a wata. Ka kwatanta wannan da abin da kake kashewa wajen sayen ƙanƙarar da ake kawowa daga birni a buhun dusa, da abincin da ke lalacewa, ka gani ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

A ganina, wanda yake son sana'ar ƙanƙara a watan azumi kada ya sa ransa a wannan firji, domin ƙanƙarar da yake haɗawa a yini ba ta wuce ta 'yan ƙananan faranti ba. Inda yake da amfani shi ne ruwan sha mai sanyi, nono da kindirmo, ragowar miya, zoɓon gida, allurar masu ciwon sukari da maganin rigakafin kaji. Mai tunanin jona ɓangaren lantarkinsa da batirin sola shi ma ya sake shawara: abin ɗumama da ke ciki yana jan wat 200 zuwa 300 a manyan firji, kusan ba hutawa, abin da firjin zamani mai inji ba ya yi.

3. Ɗauko shi

Ka cire tanki ka juye man da ke ciki, ka naɗe kwalba a tsumma ka riƙe ta daban, ka zare murɗaɗɗen ƙarfen, ka ɗaure ƙofa da igiya. A tsaye ya fi kyau a ɗauko shi, ko a a-kori-kura ko a amalanke, a jingina shi da buhunan ƙaiƙayi. Kada masu ɗauka su kama bututun baya su ɗaga, kada kuma igiya ta bi ta kansu. In ya iso, a bar shi tsaye kwana ɗaya kafin a kai masa wuta, domin ruwan ciki ya koma mazauninsa.

4. Wurin da zai zauna

Firjin nan zafi yake fitarwa ta baya da ta sama, kuma iyakar sanyin da zai bayar ta danganta da yadda wannan zafi yake samun hanyar fita. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin ƙasarmu yake haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin yakan karya masa ƙarfi gaba ɗaya. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi, ko zauren ciki da rana ba ta dukan bangonsa da yamma. Ka bar taƙi guda ko fiye tsakaninsa da bango, kamar santimita 20 zuwa 30, kuma kada a ɗora komai a kansa. Na sha ganin an shimfiɗa masa ƙyallen ado an jera kwanuka a kai, an toshe bakin bututun hayaƙi, sannan ana mamakin rashin sanyi.

Iska yake so, amma ba mai kaɗawa ba. Idan yana fuskantar ƙofa ko taga ta ƙasa, iskar hunturu ko guguwar farkon damina za ta riƙa kaɗa wutar, ta sa hayaƙi ko ta kashe ta.

Gargaɗi: kada a ajiye shi a ɗakin da ake kwana. Wutar da ba ta ci daidai ba tana fitar da iskar guba marar wari, irin wadda take kashe masu kwana da gawayi ko janareta a rufaffen ɗaki. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya. Wanda ya ji haka ya fita sarari nan take, a kashe wutar, a buɗe ɗakin. A kuma nisanta shi da zana, da rufin ciyawa, da labule, da jarkar man babur.

5. Daidaita tsayuwarsa

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren da ba ya nunawa sai ya gama ɓarna. Bututun baya an ɗan karkata su ne da ƙididdiga domin ruwa ya gangara da kansa. Idan firjin ya jirkice ko kaɗan, ruwan yakan taru a lanƙwasa ya tare hanya, tukunya ta riƙa cin wuta ba tare da ruwa ya ishe ta ba, sinadarin nan mai ruwan ɗorawa ya daskare ya toshe siririn bututun da ke ciki. Toshewa irin wannan sau da yawa ba ta da magani.

Daɓen ƙasa yana lotsawa, musamman da damina. Ka samu faffaɗan katako mai kauri ko ka yi ɗan dandamali na siminti. Ka ɗora ma'aunin magina a kan daɓen ɗakin ƙanƙara, ba a saman firjin ba, domin saman yakan lanƙwashe da tsufa. Ka duba daga hagu zuwa dama, sannan daga gaba zuwa baya. In babu ma'auni, ka zuba ruwa a faranti mai zagayen zane a ciki ka ajiye a wurin, ka ga ko ruwan ya taɓa zanen daidai ta kowane gefe. Ka riƙa cusa guntayen katako ƙarƙashin ƙafafu har ya daidaita, sannan ka girgiza shi ka ji ko yana rawa. Kwali ba ya yi, yana shan laima ya lotse. Bayan ruwan farko na damina ka sake dubawa, haka kuma duk lokacin da aka ja shi don shara.

6. Wanke tanki da share bututun hayaƙi

Tankin da ya daɗe a ajiye ba ya rasa laka da ruwa a gindinsa. Ka cire kan fitila, ka zuba kananzir kaɗan mai tsabta, ka girgiza, ka zubar a rami nesa da gida, ka maimaita har abin da ke fitowa ya yi fes. Kada ka wanke shi da ruwa, kada kuma ka yi da fetur. Ƙananan hujojin da ke jikin kan fitila ta nan iska take shiga wuta. Ka goge su da burushin haƙori har ka riƙa hango haske ta kowanne.

Bututun hayaƙi kuma, ka shimfiɗa takarda a ƙasansa, ka zare murɗaɗɗen ƙarfen ta sama ka goge shi, ka ɗaura tsumma a bakin waya ka zura daga sama zuwa ƙasa sau da yawa har baƙi ya daina zuba. A ƙauye ba kunkunniya kaɗai ake samu a ciki ba. Zanzaro yana son gina ɗakinsa a irin wannan wuri, ƙadangare ma yakan mutu a ciki. Ka haska tocila daga ƙasa ka tabbata hanya ta buɗe, sannan ka mayar da ƙarfen a tsayin da wayarsa ta ba shi, kada ka lanƙwasa ta ko ka rage mata tsawo. Ka kakkaɓe ƙurar da ke kan ƙarafan sama da busasshen burushi.

7. Kananzir

Mai kyau fari ne tas, ba shi da kauri, ba shi da warin wani mai. Ka saya a inda ka sani, ka bar shi ya kwana a jarka domin datti da ruwa su kwanta, ka tsiyaye na sama ta cikin mazurari da aka shimfiɗa wa tsumma ninki biyu. Kada tanki ya cika har baki.

Gargaɗi: gurɓataccen kananzir da aka gauraya da fetur ya ƙona gidaje da mutane da yawa a ƙasar nan. Duk sabon saye ka gwada shi. Ka ɗebi cokali ɗaya a murfin gwangwani, ka kai shi fili cikin inuwa nesa da jarkar, ka kunna bakin dogon kara ka kusanto da shi. Kananzir na gaskiya ba ya kamawa nan take. In ya kama fau tun wutar ba ta taɓa shi sosai ba, akwai fetur a ciki, kada ya shiga tankinka ko fitilar gidanka. Wanda aka haɗa da dizal kuwa ba ya fashewa, amma hayaƙi zai yi ta yi, ya daskarar da bakin lagwani cikin kwana biyu.

8. Sa lagwani

Da busasshen hannu za ka taɓa shi, domin lagwanin da ya sha ruwa ba ya jan mai. Ka zura shi ya hau daidai ta kowane gefe, ka murɗa maɓalli sama da ƙasa ka ga yana tafiya ba ya cijewa. Ka mayar da kan fitila a tanki, jelar lagwanin ta nutse cikin mai, ka bar shi awa biyu zuwa uku ya jiƙu. Wanda ya ƙagu ya kunna shi a bushe, audugar ce za ta ci, kuma ya ɓata sabon lagwani a daren farko.

Bakin lagwani dole ya zama bai ɗaya. Zare guda da ya fi sauran tsawo ya isa ya haifar da harshen wuta ja mai hayaƙi. In kana da ɗan abin gogewa da yake zuwa tare da shi, ka ɗora ka juya a hankali ta gefe ɗaya. In babu, ka saukar da lagwanin har bakinsa ya yi daidai da bakin ƙarfe, ka bi shi da reza a kwance ka kankare abin da ya ƙone. Almakashi yana cin auduga da yawa kuma ba ya fitar da shi daidai.

9. Kunna wuta

Ka jawo tanki waje, ka ɗage kwalba tare da mazauninta, ka ɗaga lagwani kaɗan, ka sa ashana ka jira wuta ta zagaye shi duka, ka mayar da kwalba. Ka tura tankin a hankali har bakin kwalba ya haɗu da bakin bututun hayaƙi ba tare da tazara ba. Idan akwai tazara, wutar za ta riƙa rawa, zafi kuma ya bi ta gefe. Ka bar ta ƙasa-ƙasa kamar minti goma zuwa goma sha biyar kafin ka ƙara, domin kananzir yana ƙara hawa idan ƙarfe ya yi zafi, wutar da ka bari daidai sai ka dawo ka tarar ta yi tsawo tana hayaƙi.

A kan Aladdin, wuta mai kyau shuɗiya ce zagaye, tsayinta ɗaya, ba ja ba rawaya. A kan Kosmos rawaya ce mai haske wadda ba ta da baƙi a samanta. Ka ɗaga har ka ga alamar za ta fara tsiri, sannan ka ɗan sauke. Wannan ita ce iyakarta.

Gargaɗi: mai KE ba a haɗa masa wuta biyu. In an kunna lagwani a zare wayar lantarki, in an jona lantarki a kashe lagwani. Idan kuma wuta ta kama man da ya zube, yashi ake zubawa, ba ruwa ba.

10. Jira, sannan a zuba kaya

Ka kunna da yamma, ka rufe shi ba komai a ciki, ka hana yara buɗewa. Bayan 'yan awanni ɗakin ƙanƙara zai fara sanyi, amma sai washegari ne za ka san gaskiyarsa, wani ma sai ya cika awa 24. Abinci yana son digiri 5 ko ƙasa da haka. Magungunan da ake ajiyewa a sanyi yawancinsu tsakanin digiri 2 da 8 suke so, kuma daskarewa tana lalata allurar ciwon sukari, saboda haka a sa ta a tsakiya cikin ɗan akwati, nesa da ɗakin ƙanƙara.

Kada a cika shi lokaci guda. Tsohon firji mai kananzir ya fi iya riƙe sanyi a kan ya ƙirƙiro shi, don haka duk abin da zai shiga a bari ya huce tukuna. Ruwan da za a sa a fara zuba shi a randa ya kwana, a ɗura a gora da dare a jera, a bar tazara tsakaninsu. Fura da nono da miya a rufe su, domin tururinsu ne yake zama ƙanƙarar da ke lulluɓe ƙarfe. Mu a gidanmu sau uku ake buɗe shi a rana, a kwashi ruwan yini a zuba a cikin kula mai riƙe sanyi.

Ba shi da na'urar da ke daidaita sanyi da kanta idan yana kan kananzir. Tsayin wuta shi ne ma'auninsa. Da bazara tana kusa da iyakarta, da hunturu kuma a sauke ta da dare, in ba haka ba a wayi gari nono ya daskare.

11. Kulawar yau da kullum

Safe da yamma a leƙa launin wuta da yawan mai. Kada a bari tanki ya ƙafe, domin lagwani ne zai ƙone. Duk mako a kashe, a bari ya huce, a kankare bakin lagwani, a goge kwalba da busasshen tsumma, a share bututun hayaƙi. Aikin bai kai rabin awa ba, sanyin ciki kuma ba zai gudu ba in ƙofa tana rufe. Duk wata a ɗauraye tanki, a kakkaɓe bayan firjin, da hunturu ma fiye da haka saboda ƙura. Robar ƙofa a wanke ta da ruwan ɗumi a shafa mata basilin kaɗan.

Gargaɗi: ba a ƙara mai wuta tana ci, kuma ba a taɓa kwalba mai zafi da jiƙaƙƙen tsumma.

Idan ƙanƙarar da ta manne a jikin ƙarfe ta kai kaurin rabin santimita, ta fara hana sanyi fitowa. A kashe wuta, a buɗe ƙofa, a ajiye kwanon ruwan ɗumi a ciki ta narke da kanta. Kada a sa wuƙa ko sukundireba a ɓanɓare ta. Huji ɗaya a wannan wuri ya kashe firjin, ga amoniya a fuskar mai ɓanɓara.

12. Idan ya ƙi sanyi

Abin da hannu yake fara kaiwa shi ne maɓallin lagwani, a ƙara wuta, kuma shi ne abin da bai kamata ba. Wutar da ta wuce iyaka hayaƙi take yi, hayaƙi ya lulluɓe bututu, zafin da ke isa tukunya ya ragu, sanyi ya ƙara ja baya. Ka bi su a jere: launin wuta, tsabtar bututun hayaƙi, murɗaɗɗen ƙarfe yana wurinsa ko ya faɗo, haɗuwar kwalba da bututu, tsayuwar firjin, ƙurar baya, robar ƙofa, kaurin ƙanƙara, sannan yawan kayan ɗumi da aka zuba jiya. Wuta mai tartsatsi ko mai raguwa da kanta tana nuna ruwa a cikin mai.

In duk waɗannan lafiya suke, babu wari babu garin rawaya, kuma firjin ya shekara a ajiye ko an yi tafiya da shi a kwance, saura dabarar tsofaffin masu gyara, wato kifewa. Ka kashe wuta ya huce sarai, ka cire tanki da kwalba da murɗaɗɗen ƙarfe da duk abin da ke ciki, ka ɗaure ƙofa. Ku biyu ko uku ku kwantar da shi a gefe a kan tabarma na ɗan lokaci, sannan ku kifa shi kansa a ƙasa, ku tallafe shi da katako yadda nauyi ba zai hau bututun ba, a bar shi wasu awanni ko ya kwana. Za ka ji ruwa yana kwarara a ciki, abin da ake so ke nan. Daga nan a mayar da shi tsaye, a daidaita, a bar shi kwana ɗaya, a kunna. Ranar da kawuna ya fara sa ni wannan aiki na ce masa, “Kawu, anya ba ƙarasa shi za mu yi ba?” Dariya kawai ya yi ya ce in kama ƙafar can. Washegari da hantsi gorar da muka sa ta yi raɓa. Amma dabarar ba ta buɗe bututun da sinadari ya riga ya daskare a ciki, kuma in an yi sau biyu bai tashi ba, a haƙura a mayar da shi kabad na ajiyar hatsi, a adana kan fitila da kwalba don wani.

Gargaɗi: wannan kifewa ta firji mai kananzir ko mai gas ce kaɗai. Firjin lantarki mai inji in aka kifa shi, man injin ne zai bi bututu ya lalata shi.

13. Kashewa da ajiya

Gidaje da yawa sukan hutar da shi daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da randa ta wadatar. A sauke lagwani har wuta ta mutu, a leƙa a tabbata ba ta bar ja a bakinsa ba. A juye man tanki, a cire lagwani a shanya a inuwa a sa a leda, a naɗe kwalba a ajiye inda yara ba sa kaiwa. A wanke cikin firjin da ruwan ɗumi, a goge ya bushe, a sa gawayi biyu ko uku a kwano saboda wari, a saƙala tsumma a bakin ƙofa don kada ta rufe ruf ta yi fumfuna. In a wurin da yara suke wasa yake, a ɗaure ƙofar da igiya a hakan, musamman mai tsohon makulli da ba ya buɗuwa daga ciki. Bakin bututun hayaƙi a toshe shi da tsumma saboda zanzaro, a kuma ɗaura jan ƙyalle a maɓallin lagwani, domin wanda zai kunna a watan Maris ya tuna ya cire tsumman kafin ya ƙyasta ashana.